Ƙunshin Takardun Da Aka Maido Mini Saboda Sunayen Yara

Na daɗe ina ɗaukar bik, wato biro, ina ajiyewa kafin in yarda in yi wannan rubutu. Sau uku ina farawa ina yagewa. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal, wato makarantar boko, ba, kuma maganar kuɗin likita magana ce da kalma guda in ta karkace sai ta ɓata sunan wani bawan Allah. Saboda haka ba zan faɗi sunan garin da na yi aiki ba, sai dai in ce yana cikin ƙasar Illela, ba nisa da Tajaye. Sunayen mutanen ma na sauya su. Abin da ya sa na daure shi ne watan jiya na kai jikata awo, na zauna a benci, sai na ji samari biyu masu riƙe da kes, wato wurin karɓar kuɗi, suna hira a gaban na'urarsu. Ɗaya ya ce aikin tsofaffin da ai ba aiki ba ne, karɓi kuɗi ka rubuta, shi ke nan. Ban tanka ba, don ba a gardama a gaban marasa lafiya. Ga amsata a nan.

Ni ne na riƙe kes na likitar garinmu, wato gidan shan magani, tun farkon shekarun dubu biyu har kusan ƙarshensu. Kwamitin gari ne ya zaɓe ni, don na iya rubutu kuma ba na tafiya cin rani. Aka tura ni Birnin Konni wata uku wurin wani tsohon mai kes, Malam Ada, in koyi aiki. Ranar farko ya ba ni karne, wato littafin rasit, ya ce in rubuta wa wata mata. Na sa takardar karbon a kife, rubutun ya fito a bayan farar takarda, sauran biyun suka tashi babu komi. Na kai hannu zan yage, ya bugi yatsuna da rula.

"Ba a yagewa," in ji shi. "Ka ga lambar da ke bisa? Ran da aka biɗi lamba wagga aka rasa, ba wanda zai ce kuskure ka yi. Ɓarawo za a ce. Ja mata layi biyu, ka rubuta an soke, ka bar ta nan ta tsufa."

Kayan aikina ba su da yawa. Karne mai takarda uku uku: fara ta mai biya, shuɗiya ta kwamiti, rawaya ta zauna a karne. Bik shuɗi na rubutu, ja na gyara. Rula, tampo na buga hatimi da tawadarsa wadda nake ɗiga wa ruwan buta in ta bushe, babban kaye, wato littafin lissafi, mai baƙar bango, allura da zare na ɗinke takardu, sai akwatin ƙarfe mai makulli biyu, ɗaya a wuyana, ɗaya wurin Alhaji Maman ma'ajin kwamiti. Kowace safiya kafin in buɗe taga sai na ƙirga takardun karne da yatsa, ko da ni na rufe shi jiya. Majo Isufu, babban ma'aikacin jinya da ke shugabancin likitar, yakan ce mini, "Abdu, takarda ba ta haihuwa cikin akwati." In ce masa haka ne, amma bari dai in duba.

Wani aiki da samarin yanzu ba su san wuyarsa ba shi ne lissafi biyu a kai guda. Mutanenmu da dala suke ƙirga kuɗi, takarda kuwa tamma take so, kuma dala guda tamma biyar ce. Tsohuwa za ta ce ta ba ka dala sittin, kai ka rubuta ɗari uku, ka duba tsabar da ke hannunka, ka ba ta canji da dala, duk kafin na bayanta ya fara tsaki. Ga kuma masu zuwa da naira, don iyaka kusa take. Ni ban taɓa karɓar naira ba, saboda farashinta na safe daban, na marece daban. Wani mai kabu-kabu ya taɓa ajiye mini ita a taga ya ce, "Malam, kuɗi dai kuɗi ne." Na ce masa ga mai tebur can bakin ƙofa, ya je ya sauya. Ya tafi yana cewa ko ɗan duwan mai binciken kaya a iyaka bai kai ni tsanani ba. Ya dawo ya biya, muka gaisa.

A waɗannan shekaru na farko da idona nake bin kuɗi. Daga hannun mai biya zuwa akwati. Ran Jumma'a bayan masallaci ni da Alhaji Maman mu buɗe, mu ƙirga, mu gwada da shuɗɗan takardu. Ƙarshen wata mu shiga takisi mu kai banki a Konni, ni a tsakiya, jaka a ƙarƙashin riga, ba na ko sayen rake a hanya. Daga banki a fitar a biya ma'ajiyar magani, kwalaye su biyo mota su hau kantarmu. Dalar da aka biya yau, cikin kwana arba'in na ga ta dawo ta zama ƙwayar masassara. In wani abu ya ɓace, na san tsakanin ƙofa ta nawa da ta nawa ya ɓace.

Sai aka shigo da kyauta. Gwamnati ta ce yaro ƙasa da shekara biyar da mace mai ciki kada a karɓi kuɗinsu. Abu ne mai kyau, kuma na faɗa har yau. Matan da a da sai yaro ya sanƙare ake kawo shi, suka fara zuwa tun jikinsa na ɗumi. Amma aikina ya juye. Magani yana fita daga kanta kamar kullum, har ya fi, kuɗi kuwa ba ya shiga akwati. Abin da ke shiga madadinsa takarda ce. Kowane yaro da tasa: suna, sunan uba, gari, shekaru, rana, ciwo, maganin da aka ba shi. Ƙarshen wata in haɗa su, in ɗinke, Majo ya sa hannu, a kai buro, wato ofishin gunduma, daga can Tawa, daga can Yamai, sa'an nan kuɗi su biyo hanyar su dawo. Takardar nan ita ce kuɗin. In ta lalace, maganin da yaron ya sha ya tafi ke nan, ba abin da zai maye gurbinsa a kanta.

Ina tuna yarinyar farko da ta sa ni cikin abin da zan ba ku labari. Ba ta fi shekara goma sha tara ba, goye da ɗanta na fari, mijin ya tafi biɗa Kudu. Na ce, "Sannu da rana. Mi sunan yaron?" Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya. Ta ce a hankali, "Mai Sunan Malam." Na ce, "To sunan ubansa fa?" Ta ja mayafi ta rufe baki, matan da ke layi suka fashe da dariya. Wata ta ce, "Kai mai kes, ba ka da ta ido? Uwarka ta taɓa kiran sunan ubanka gabanka?" Kowa ya san haka abin yake a wajenmu. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta faɗin sunan mijinta, kuma yaron da aka sa wa sunan suruki ko suruka, shi ma bakinta ba ya kama sunansa. Yaron yana zafi kamar garwashi, layi ya kai bakin ƙofa. Na rubuta abin da ta faɗa, na bar gurbin uba da ɗan layi, na tura ta wurin Majo.

Haka na yi ta yi wata uku. Malam Ada ya koya mini kada in rubuta abin da ba a faɗa mini ba, ni kuma na riƙe wannan da ƙarfi. Abin da aka faɗa shi na rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba. A ganina gaskiya nake yi.

Cikin bazara, ana jiran ruwan shuka, wani kwantirola, mai binciken takardu, ya zo da babur, ƙunshina na wata uku ɗaure a bayansa. Mutum ne mai fara'a, ya sha ruwa, ya tambayi iyali, sa'an nan ya kwance zaren a kan teburina. Majo da Alhaji Maman suna tsaye.

"Malam Abdu," in ji shi, "garin nan liman guda ne, ko suna ne ya ƙare muku?"

Na ce, "Mi ka gani?"

Ya shiga juya takardu yana karantawa. "Mai Sunan Malam. Mai Sunan Malam. Ga wani kuma. Ashirin da uku na ƙirga. Inna, goma sha ɗaya. Babba. Mai Sunan Baba. Wannan kuma sunansa Wanga." Majo ya fara dariya, da ya dubi fuskata ya bari. Kwantirola ya ci gaba. "Duka sittin da takwas, kuma ba mai uba ko ɗaya."

Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga hannu. "Ni ma ɗan fari ne. Ga furfura a gemuna, har yau tsohuwata 'kai wane' take ce mini. Na gane. Amma wanda zai buɗe ƙunshin nan a can sama bai san ka ba, bai san layin da ke tagarka ba. Abin da zai gani suna guda, hannu guda, bik guda. Zai ce yaran ƙarya ne aka zauna aka ƙirƙira. Kuma ba sittin da takwas ɗin kaɗai zai ture ba, ƙunshin duka zai ture."

Alhaji Maman ya ce, "Na wata ukun?"

"Na wata ukun. Na riƙe shi ban tura ba. Na ba ku kwana talatin. Kowace takarda a samo sunan yanka, da sunan uba, da shaidar maigari. Kada a kankare komi, a rubuta a gefe da jan bik."

Da ya tafi na shiga ɗakin magani na ƙirga abin da ya rage na masassara. In ruwa ya sauka yadda ya saba, ba zai kai mu tsakiyar damana ba. Kuɗin sayen wani kuma suna nan cikin ƙunshin da ke kan teburina.

Abin da ya cece ni guda ne: gurbin gari da na rana da na ciwo duk na cika su daidai. Na ware takardun gari gari, suka tashi garuruwa tara. Majo ya yarda in rufe kes bayan azahar, shi ya riƙa karɓar na masu zuwa da marece yana ajiye mini. Na ari keken ƙanena, na sa takardun cikin leda biyu saboda ruwa, na fara da gari mafi kusa.

Kwana biyu na farko na ɓata su. Na je wurin maigari, ya sa aka yi shela, mata suka taru a ƙofar gidansa. Na tsaya ina karantawa: wace ce ta kawo yaro ran kaza da gudawa? Ba wadda ta motsa. Abin da suka kasa faɗa mini a taga ni kaɗai, ina so su faɗa gaban maigari da surukansu. Na koma gida ba suna ko ɗaya. Kashegari ma haka.

Rana ta uku ina zaune a gindin bishiyar bedi ina duba tayar keke, wata tsohuwa mai suna Ige da ke tsinkar zogale ta dube ni ta ce, "Kai mai takarda, wa ya aike ka wurin uwaye? Mi kake biɗa?"

Na ce, "Inna, sunan wani yaro. An kawo shi ran kasuwa, wata biyu da suka wuce, kunnensa na ruwa. Mai Sunan Baba aka ce mini."

"Wanga mummuna mai kan tulu? Ai mijina ne! Ga shi can shina cin ƙasa." Ta ɗaga murya. "Kai Illiyasu, taho an zo kamun ka, ba ka biya sadakina ba!" Ta juyo gare ni. "Illiyasu ɗan Mamman Sani. Sunan tsohon mijina aka ba shi, shi ya sa uwar ba ta hwaɗi. Ni kuwa tun shina da rai nike kiran abina. Ragon sunan ma ramamme ne, rubuta wannan."

Ban rubuta zancen rago ba, amma na rubuta sauran. Kaka ba ta jin nauyin jikanta, wasa ne tsakaninsu. Abin da na sani tun ina yaro, amma ban taɓa haɗa shi da aikin kes ba. Kafin la'asar Ige ta jawo mini tsofaffi huɗu, kowace tana zagin nata angon, suka fitar mini da sunaye tara. Wata ta ce sai na ba ta goro kafin ta faɗi na uba. Daga ranar na riƙa sayen goro da kuɗin aljihuna, kuma ban sa shi a kaye ba.

Bakin kaka kaɗai bai ishe ni ba, don tsohuwa takan haɗa jika da jika. Sai na ƙara wanzami. Wanzami Gado ya aske kan kusan duk jaririn da aka raɗa wa suna a garuruwa huɗu daga cikin taran, kuma ba ya mantuwa, saboda kowane gida ya san abin da aka ba shi da abin da aka hana shi. In faɗa masa suna, ya rufe ido ya ce, "Awo, gidan masu raƙumi, ran Talata, bayan an cire wake." In shekarun da ya faɗa sun dace da abin da ke takarda, sa'an nan in ɗauki jan bik. A sauran garuruwan ma na nemi wanzamansu. Daga nan sai maigari ya dangwala yatsa a gefe. Baki uku ga kowane yaro. Wanda biyu suka yarda ɗaya ya yi shakka, na ajiye shi gefe na sake dawowa.

Ruwa ya sauka ina garin biyar. Kowa ya watse gona, kakanni ma suna bin masu shuka suna rufe rami da ƙafa. Na riƙa jingine keke ina bin su kunya kunya, takarda a leda, ina tambaya suna amsawa ba tare da sun tsaya ba. A wata gona na karanta takardar wata yarinya da aka rubuta Inna, tsohuwar ta tsaya, ta ce, "Hadiza. Ta koma, kwana ashirin ke nan." Na yi mata gaisuwa. Na tsaya ban san ko in rubuta ba. Ta ce, "Rubuta mana. Ta sha maganinku, har ta ji sauƙi wancan karon." Na rubuta.

Ran kwana ashirin da takwas ina da sittin da uku. Biyar suka gagara. Garin da aka faɗa mini na je, ba kaka, ba wanzami, ba maigarin da ya san su. Baƙi ne masu wucewa. Na kai wa Alhaji Maman labari a shagonsa.

Ya ce, "Biyar kaɗai? Abdu, ka wahala. Zauna nan ka rubuta Abdullahi ɗan Usumanu, Amina ɗiyar Garba. Maigari ɗan'uwana ne, zai dangwala. Yaran dai sun zo, ko ba su zo ba?"

Na ce, "Sun zo, Alhaji. Da idona na gan su."

"To ina ƙaryar?"

Na ce, "An tuhume ni da ƙirƙirar yara ban ƙirƙira ba. In na yi yau, na ƙirƙira. Kuma in aka ɗauki guda cikin biyar ɗin aka zo dubawa, sittin da ukun ma sun mutu, da ƙunshin duka."

Ya ce taurin kaina zai kashe ni. Ba mugun mutum ba ne, kantar magani yake dubawa kamar yadda nake dubawa. Na cire biyar ɗin, na ɗinke sauran, na kai da kaina. Kwantirola ya bi jan rubutun ɗaya bayan ɗaya, ya buga tampo, ya ce zai tura. Kuɗin maganin yara biyar kuwa ya zama rami a lissafinmu. Na ce a cire daga ɗan abin da kwamiti ke ba ni. Majo ya hana. "In ka biya, ka amsa ke nan ka ci," in ji shi. Sai aka rubuta a kayen kwamiti: takardu biyar ba a tabbatar ba, hannun Abdu. Layin yana nan har yau.

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Ƙunshi ya tafi a makare, kuɗi ba su dawo ba, masassara ta zo da ƙarfinta. Kafin hatsi ya fid da kai kantar ta yi fayau. Majo yana duba yaro kyauta, ya rubuta takarda, ni in miƙa ta taga in ce a je Konni a saya. Wanda ba shi da kuɗin mota sai ya tsaya wurin masu tallar ƙwaya a faranti. Wani magidanci ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya ya ce, "Malam Abdu, wagga ita ce kyautar? In jiƙa ta in ba shi ya sha?" Abin da na iya shi na yi: kuɗin manya da ke shigowa na daina jiran ƙarshen wata, duk Jumma'a in mun ƙirga sai in hau takisi in sayo ko kwali guda ne. Kuma ban fasa cika takardar kowane yaro ba, ko wanda bai sami komi ba sai dubawa.

Tun daga lokacin na sake yadda nake tambaya. In uwa ta sunkuyar da kai, ba na matsa mata. In akwai tsohuwa a layi daga garinsu, ita nake tambaya. In babu, ina da jerin sunaye a bayan kaye, in riƙa karantawa a hankali: Abubakar, Adamu, Ali. In na zo kan nasa sai ta ce "uhm", ko ta gyara goyo. In sake maimaitawa don in tabbata. Sunan miji ma haka. Yana cin lokaci, masu layi suna gunaguni, amma ba a sake maido mini da ƙunshi ba.

Kuɗi sun zo bayan fiye da shekara, dunƙule guda, ba takardar da ta ce na wane wata ne. A lokacin ƙunshinmu da yawa suna can sama. Na gwada jimlar da kowane wata, na haɗa biyu biyu, na haɗa uku uku, ba ta dace da komi ba. Na biya kuɗin mota da kaina na je Tawa. Wani ma'aikaci mai kirki ya buɗe kaye ya nuna mini inda aka rubuta ƙunshina ya shigo, da inda aka rubuta ya wuce gaba. Iyakar abin da idona ya gani ke nan. Ban ce wani ya ci ba, don ban gani ba. Na ce dai ban sani ba ko wata ukun nan an biya su.

Ku samari masu na'ura, gurbin suna yana nan a na'urarku kamar yadda yake a takardata, kuma matan da ke zuwa tagarku ɗiyan waɗancan ne. Na'ura za ta karɓi duk abin da kuka danna mata. Kuɗin likita ba a banki suke fara tafiya ba, a bakin taga suke farawa, lokacin da kuka ce mi sunan yaron.

Yanzu ga roƙona ga masu karatu, kuma saboda shi na yi wannan dogon bayani. Na farko, in akwai wanda ya yi aikin takardun kyauta a Tawa ko Yamai a shekarun farko, ya tuna da wani ƙunshi daga ƙasar Illela mai jan rubutu a gefe da dangwalen yatsu, ina so ya gaya mini inda ya kwana. Ko ba a biya ba, sani nake so.

Na biyu, yaran nan biyar, waɗanda in suna raye yanzu sun zama manya. Takardunsu suna wurina cikin leda. Akwai yarinya ƴar shekara biyu da aka ce mini Inna, uwarta Bafillata ce, sun sauka da shanu kusa da fadama, tari ke damunta. Akwai yaro da aka ce mini Wanga, kunu ya ƙona masa bayan hannun hagu, uwar ta ce biki suka zo daga wajen Dogarawa. Akwai wa da ƙanwa na wasu masu raƙuma, uwarsu Tamajak take ji, na rubuta Yaro da Yarinya, dukansu ciwon ido. Na biyar Mai Sunan Malam ne, ɗan wata takwas, uwar daga tsallaken iyaka ta zo ganin gida, ta kwance naira daga bakin zane, da na ce ba a biya sai ta tambaye ni sau biyu ko da gaske nake.

Wanda ya san ɗaya daga cikinsu, ya ba direbobin da ke bin hanyar Konni zuwa Illela saƙo, ya ce na tsohon mai kes ne, za su kawo. Sunan yanka nake so, da sunan uba, da gari, in kai wa kwamiti a ja layi biyu a kan abin da aka rubuta. In uwar ce ake karanta wa wannan, ba sai ta faɗa da bakinta ba. Ta aiko kakar.